Akuya da Gadon Bayan Ɗan Adam: Gwaji da Dabbobi Wajen Binciken Lalacewar Faifan Ƙashin Baya



Gabatarwa

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi arewa, ta ratsa Kware da Gwadabawa, bayan tafiyar fiye da kilomita 80 zai isa Illela, inda Nijeriya ta yi iyaka da ƙasar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Garin Araba yana cikin wannan yanki, dab da bakin iyaka. Mutanen wurin, kamar sauran talakawan ƙasar Hausa, da gadon bayansu suke neman abinci: noman damina a sunkuye, ban ruwa a fadama da rani, jan guga, dakan hatsi, da ɗaukar buhunan albasa da na wake a ranar kasuwa. Sa'ad da bayan magidanci ya ƙi, gidan duka ya shiga wahala, domin ba shi da hutun rashin lafiya, ba shi da fansho.

Matsalar kuwa ta game duniya. Ƙididdigar da mujallar Lancet Rheumatology ta buga a 2023 ta nuna cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon kwankwaso a shekarar 2020, ana kuma zaton za su kai miliyan 843 a 2050. Babu wata cuta da ta fi shi hana mutane aiki. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ake tuhuma da jawo shi shi ne lalacewar faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda masana ke amfani da dabbobi don su gane wannan lalacewa, da abin da aka samu, da inda gwajin ya gaza. Daga nan za a nuna cewa dabbobin da suka fi dacewa da aikin suna nan jibge a kasuwar Illela da mahautar Sakkwato.

Mene ne faifan ƙashin baya?

Gadon bayan mutum jerin gaɓoɓi ne: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a kwankwaso, sa'an nan waɗanda suka haɗe a ƙasa. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani abu kewayayye mai laushi, guda 23 duka duka, wanda za a kira faifai a wannan lacca. Aikinsa aikin gammo ne: yana raba ƙashi da ƙashi, yana rarraba nauyi, yana kuma ba mutum damar sunkuyawa da waiwaye.

Faifan yana da sassa uku. Tsakiyarsa tana kama da romon ƙafar saniya da ya kwana ya daskare, kuma a ƙuruciya kusan kashi 80 cikin ɗari nata ruwa ne. Kewaye da ita akwai zobba na zare mai ƙarfi, wajen 15 zuwa 25, ɗaya cikin ɗaya kamar ɓawon albasa. Sama da ƙasa kuma akwai siririn guringuntsi da ya manne faifan da ƙashi. Jini ba ya shiga tsakiyar faifan baligi. Abinci da iska sai sun tsattsafo daga jijiyoyin ƙashi, kuma a kwankwaso tazarar takan kai milimita 8. Wannan ne ya sa faifai ba ya warkewa da sauri kamar fata ko tsoka.

Nauyin da yake ɗauka ba kaɗan ba ne. A 1999 Wilke da abokan aikinsa a Jamus sun sa ma'auni cikin faifan wani mutum mai lafiya da ya yarda. Suka tarar matsin da ke ciki sa'ad da yake tsaye ya ninka na kwance sau 5, sa'ad da kuma ya sunkuya ya ɗaga kaya mai kilo 20 da lanƙwasasshen baya, ya ninka sau 23.

Lalacewa takan fara ne da bushewar tsakiya. Faifan ya rage kauri, zobban su fara tsagewa, wani lokaci tsakiyar ta ɓullo ta danne jijiyar da ke sauka ƙafa, ciwo ya riƙa bin cinya har zuwa tafin sawu. Likitoci biyu na Boston, Mixter da Barr, su suka tabbatar da wannan a 1934.

Dalilin komawa ga dabbobi

Mai tambaya yana iya cewa, tun da marasa lafiya sun cika asibiti, me ya kawo dabba? Dalilai uku ne. Na farko, lalacewar tana ɗaukar shekaru ashirin ko talatin, kuma ba a san ranar da ta fara ba. Na biyu, abin da likitan fiɗa ke cirowa faifai ne da ya riga ya lalace, watau ƙarshen labari. Ba kuwa a yanka mai lafiya don a ga farkonsa. Na uku, a jikin mutum dalilai sun cakuɗe: gado, shekaru, aiki, shan taba, ƙiba. A wurin dabba ana iya tsai da kome, a sauya abu guda, a ga abin da zai biyo baya a mako na huɗu, da na goma sha biyu, da bayan shekara. Har wa yau, sabon magani wajibi ne a jarraba shi a jikin dabba kafin ya kusanci mutum.

Hanyoyi huɗu na gwajin

Hanya ta farko ita ce yi wa faifan rauni. A 1981 Lipson da Muir suka tsaga zoben faifan zomo da wuƙar fiɗa, suka bi sauyin da ya auku a tsakiyar. A 1990 Osti, Vernon-Roberts da Fraser, a birnin Adelaide na Ostireliya, suka yi wa tumaki ɗan yanka a bakin zoben waje ba tare da taɓa tsakiya ba, suka bi su har wata 18. Bayan zoben ya yi tabo, amma tsagar ta yi ta cin ciki har tsakiyar ta lalace. A 2005 Masuda da abokansa a Chicago suka sauƙaƙa aikin: allura kawai suke sokawa a faifan zomo, kuma kaurin allurar ne ke ƙayyade girman ɓarnar. Darasin wannan ya komo kan mutane. Likitoci sun daɗe suna soka allura cikin faifai don binciken inda ciwo yake. A 2009 Carragee na Jami'ar Stanford ya nuna cewa bayan shekara goma faifan da aka taɓa sokawa ya fi wanda ba a taɓa ba lalacewa.

Hanya ta biyu ita ce zuba maganin da ke narkar da tsakiyar. Asalinta gwanda ce. A 1956 Lewis Thomas a New York ya yi wa zomaye allurar wani sinadari da ake samu daga ƙaron ɗanyar gwanda, sai kunnuwansu suka langaɓe, domin guringuntsin ya yi laushi. Bayan 'yan kwanaki suka sake miƙewa. Wani likitan ƙashi, Lyman Smith, ya yi tunanin ɗan'uwan wannan sinadari zai iya narkar da tsakiyar faifan da ta ɓullo. Ya jarraba a zomaye da karnuka, sa'an nan ya ba da rahoton mutane a 1964. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1982, amma jikin wasu marasa lafiya ya ƙi shi ƙwarai, har aka yi asarar rayuka, kuma aka daina yin sa a 2003. Daga baya masana suka koma ga wani sinadari mai suna kondirotinas, wanda ake samu daga wata ƙwayar bakteriya. A 2007 Hoogendoorn da abokansa a Amsterdam suka zuba kaɗan daga cikinsa a faifan awaki, suka sami lalacewa mai tafiya sannu a hankali irin ta farkon cutar a mutum. A 2018 kuma Japan ta amince da wani nau'insa a matsayin magani.

Hanya ta uku ita ce ɗora nauyi. Wutsiyar ɓera tana da faifai a jere, kuma tana da sauƙin kamawa. A 1998 Lotz a San Francisco, da Iatridis a Vermont a 1999, suka ɗaura wa wutsiyar ɓeraye ƙarfe mai matsa gaɓa biyu. An gane daga irin wannan aiki cewa matsi mai tsanani wanda ba ya sassautawa yana kashe ƙwayoyin halittar faifai, alhali matsakaicin nauyi mai zuwa yana tafiya, irin na tafiya a ƙasa, faifai yana jure masa, har ma yana taimaka wa shigar abinci.

Hanya ta huɗu ita ce neman dabbar da cutar ke kama ta da kanta. A 1952 Hansen, likitan dabbobi a Suwidin, ya bayyana cewa karnuka masu gajerun ƙafafu, irin su Dakshund, faifansu yana fara bushewa tun ba su shekara ba. A 2017 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa haka. Akwai kuma wani ɓeran hamada na Afirka ta Arewa da Gabas ta Tsakiya, wanda Ruth Silberberg ta nuna a 1979 cewa faifansa yana lalacewa da tsufa ba tare da an taɓa shi ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da gibi, kuma wajibi ne ɗalibi ya san shi kafin ya gaskata sakamako.

Abin da ya fi zuwa a zuciya shi ne cewa dabba da ƙafa huɗu take tafiya, mutum kuwa a tsaye. Wannan bai kai yadda ake zato ba. Don gadon bayan akuya ya tsaya a miƙe tsakanin ƙafafun gaba da na baya, dole tsokoki da jijiyoyi su ɗaure shi tamau, kamar yadda tsirkiya ke ɗaure baka, saboda haka faifanta ma matsi yake sha daga gaba da baya. Smit na Holand ya yi bayanin haka a 2002.

Girma ya fi wannan muhimmanci. Faifan ɓera bai wuce ƙwayar gero ba, abinci yana ratsa shi nan da nan. Maganin da ya farfaɗo da ƙwayoyin halittarsa yana iya kāsawa a faifan mutum, inda ƙwayoyin ke zaune cikin yunwa. Ƙara musu aiki ko yawa ba tare da ƙarin abinci ba yana iya gaggauta mutuwarsu.

Sai kuma irin ƙwayoyin. Akwai wasu manyan ƙwayoyin halitta da tayi ke fara gina gadon baya da su, ana kiran su ƙwayoyin notokod. Ɓera da zomo da alade suna riƙe su har girma, kuma ana ganin suna kare faifai. Mutum yana rasa su tun yana yaro, wajen shekara goma. Tunkiya da akuya da saniya su ma suna rasa su da wuri. A nan, dabbobin kiwo sun fi dabbobin ɗakin gwaji kusa da mutum.

Na huɗu, lokaci. Allura tana lalata faifan matashin zomo mai lafiya a mako huɗu. Na manomi kuwa shekaru suka cinye shi, a jikin da ya tsufa tare da shi.

Na biyar, kuma mafi nauyi, dabba ba ta cewa ga inda ke mata ciwo. Masana sukan duba tafiyarta, da cin abincinta, da yanayin fuskarta, amma wannan kintace ne. Ko a mutum ma hoto da ciwo ba kullum suke tafiya tare ba. Nazarin da Brinjikji da abokansa suka buga a 2015 ya nuna cewa cikin mutanen da ba su jin ciwon kome, kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20 da kashi 96 na 'yan shekara 80 hotonsu yana nuna lalacewar faifai. Saboda haka gyaran faifai a hoto bai zama shaidar an warkar da ciwo ba.

Abin da za a fahimta shi ne, babu dabba guda da ta wadatar. Tambaya ce ke zaɓen dabba. Mai binciken gado ya nemi ɓera, mai saurin tace magunguna ya nemi zomo, mai son ya san ko abu zai yi aiki a faifai mai girma ya nemi akuya ko tunkiya.

Abin da ke hannun ƙasar Sakkwato

Akwai tambayar da ta shafi mutumin Araba kai tsaye: shin ɗaukar kaya na shekara da shekaru yana lalata faifai, kuma daga wane nauyi? Binciken tagwaye da Battié da Videman suka yi a Finlan, wanda aka buga a 1995, ya nuna gado ya fi aiki tasiri nesa ba kusa ba. Amma binciken da aka yi a Gana da Saliyo cikin shekarun 1990 ya sami sauyin ƙashin wuya ya fi yawa a wurin masu ɗaukar kaya a ka. Ma'aikacin Finlan bai tashi da tulu a kansa tun yana ɗan shekara bakwai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan tambaya ta jami'o'in ƙasar nan ce.

Kayan aikin suna kusa. Jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan Nijar ke kira jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe da yin suna a kasuwannin Turai, tana cikin kowane gida. Ga tumaki Uda da Balami da 'Yankasa, ga shanu, ga raƙuma. Kasuwar dabbobi ta Illela tana cikin manyan kasuwannin iyaka na Arewa. Jami'ar da aka kafa a Sakkwato a 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, tana da tsangayar likitancin dabbobi da ta likitancin mutane, asibitin koyarwarta kuma yana da cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa da laka. A Zariya akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika. Ana iya fara aiki a matakai uku, daga mai araha zuwa mai tsada.

Mataki na farko ba ya bukatar a taɓa dabba mai rai. Kowace safiya ana yanka dabbobi a mahauta. Ɗaliban likitancin dabbobi suna iya karɓar kwankwason awaki da tumaki, su ƙiyasta shekarunsu ta haƙora, su auna kaurin faifai da faɗinsa da yawan ruwansa, su duba shi a madubin likita. Ba a iya cewa faifan jar akuya ya lalace sai an san yadda lafiyayye yake. Awon awakin madara na Holand, masu girman jiki, ba zai tsaya a madadinsa ba. Faifan wutsiyar sa kuwa yana cikin abin da manyan ɗakunan bincike, irin na cibiyar AO da ke Davos a Suwizalan, suke rayarwa cikin ruwan magani na makonni suna ɗora masa nauyi da inji. Wutsiyar da ake sayarwa don farfesu ita ce wannan.

Mataki na biyu shi ne amfani da gwajin da rayuwa ta riga ta yi. Shanun huɗa da na amalanke suna jan kaya shekara da shekaru, 'yan'uwansu na garke kuwa ba su taɓa jin karkiya ba. Haka raƙumin dako da na kiwo. In malaman dabbobi suka rubuta aikin da dabba ta yi da shekarunta kafin yanka, kwatanta faifan waɗannan da na waɗancan zai ba da haske da allura ba ta bayarwa. Raƙumi ya cancanci a dube shi musamman: a 2015 masana a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun tarar alfaka, wata 'yar'uwar raƙumi ta Amurka ta Kudu, faifan wuyanta yana lalacewa da kansa gwargwadon tsufa.

Mataki na uku ne kaɗai ke bukatar dabba mai rai: 'yan awaki kaɗan, a asibitin koyarwa na dabbobi, a yi musu gwajin allura ko na magani bisa tsarin da aka riga aka tabbatar, a bi su da hoton ƙashi, da na maganaɗisu in ya samu. Wannan ba a shiga shi sai an gama na farko, an kuma sami kuɗin da zai kai aikin ƙarshe.

Haƙƙin dabba

A 1959 masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da duniya ke bi har yau. A maye gurbin dabba mai rai da wani abu duk inda ya yiwu. A rage yawan waɗanda za a yi amfani da su zuwa adadin da lissafi ya nuna. A kuma sauƙaƙa musu wahala: maganin barci lokacin fiɗa, maganin ciwo bayanta, abinci da inuwa, da ƙa'idar dakatar da gwaji in dabba ta jigata. A gwajin akuya guda ana iya amfani da faifai da dama, a bar wasu don kwatance, yawan dabbobin ya ragu. Wannan bai saɓa wa tarbiyyar mutanen ƙasar nan ba, waɗanda addini da al'ada suka hana su wasa wuƙa a gaban abin yanka. Kwamitin ɗa'a na jami'a wajibi ne ya ga tsarin kafin a fara. Gwajin da aka yi da dabbobi kaɗan ƙwarai har ya kāsa ba da amsa, ko aka yi aka ɓoye sakamakonsa don bai yi daɗi ba, shi ma zalunci ne, domin an wahalar da rai a banza. Masu ɗaukar ƙashi daga mahauta su ma sai a kare su da safar hannu da horo, saboda tarin fuka na shanu da cutar bakkale suna kama mutane.

Kammalawa

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, bayan shekaru da yawa na gwaji, magunguna da dama sun farfaɗo da faifan ɓera da zomo, amma har yanzu babu wanda ya zama abin dogaro wajen mayar da tsohon faifan mutum sabo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an yawaita tambayar ƙaramar dabba abin da babba ce za ta iya amsawa.

Ga ɗalibai, aikin mataki na farko ya isa kundin digiri, kuma awo na gaskiya ya fi dogon suna. Ga ma'aikatan gwamnati, abin da ake nema bai wuce iko ba: izinin ɗaukar ƙashi daga mahauta, rajista mai tsabta a kasuwannin dabbobi, firiji mai aiki, da ƙaramin kuɗi da ba ya yankewa a tsakiyar shekara. Sa'an nan a haɗa likitan mutane da na dabbobi a tebur guda, domin ɗaya yana da tambaya, ɗaya yana da dabba.

Kafin bincike ya kawo amsa, abin da aka riga aka sani ya isa a kai wa mutanen Araba. Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin makonni, kuma motsi ya fi doguwar kwanciya. A raba kaya biyu, a jawo shi kusa da jiki kafin a ɗaga. Ƙwayoyin kashe ciwo na kan tebur, in aka zarce, suna ɓata ciki da ƙoda, wasu kuma suna kama mutum. Wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi masa ko ya riƙa zuba, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, domin tarin fuka ma yana cin ƙashin baya, kuma yana da magani.

Allah ya ba da lafiya, ya sa ilmin ya yi amfani.